Laifin da Aka Ɗora wa Duna

Ku yaran yanzu hannunku ya fi hankalinku sauri. Abu ya faru, ba ku tambayi mafarinsa ba, har kun ɗauko sanda. To ku zauna ku ji yadda aka yi a gidan Alhaji Murtala, a wani ƙauye kusa da Dandume.

Karnuka biyu ne a gidan, duka maza, suna tsaron garke a bayan gida. Babban baƙi ne, sunansa Duna, shekara takwas yana korar ɓarayin awaki. Ƙaramin fari ne mai jan kunnen hagu, shi ya sa ake kiransa Jan Kunne. Shekara biyu suna cin tuwo a kasko ɗaya, ko gurnani ba a taɓa ji tsakaninsu ba.

Zubair, ɗan Alhaji na fari, shi ne ladanin masallacin unguwa, makulli ma a aljihunsa yake kwana. Duk Talata da Asabar yakan hau keke ya ce ya tafi Mahuta ɗaukar karatu, Jan Kunne na biye da shi.

Wata Talata, ana tsakiyar yankan dawa, suka dawo da la'asar. Jan Kunne ya shigo ƙafafunsa duk baƙar laka, alhali ruwa ya ɗauke tun wata guda. Duna ya taso ya shinshine shi daga wuya har bindi. Gashin bayansa ya miƙe. Kafin a ankara ya cafki wuyan ƙaramin, suka kama birgima, awaki na tsinke igiya.

Tsohuwa, mahaifiyar Alhaji, ita ta raba su. Ta watsa musu bokitin ruwa, ta cusa tsohon kwanon rufi tsakaninsu. Ta ɗaure Duna a gindin mangwaro, Jan Kunne a jikin rumbu, ta raba musu kasko, ta ce babba za a fara ba abinci. Kwana uku lafiya lau, har aka kwance su suka kwanta a inuwa ɗaya. Sai dai ƙaramin ya rage cin abinci, kullum yana bakin ƙofa yana kuka ƙasa-ƙasa.

Ran Asabar suka dawo, aka sake. Wannan karon har jini.

Zubair ya tsaya daga nesa, yana taunar kanumfari saboda ciwon haƙorin da ya ce yana damunsa, ya ce wa ubansa, “Baba, Duna ya haukace. A kashe shi tun bai ciji yaro ba.”

Tsohuwa ta ce, “Mahaukacin kare ba ya shan ruwa, kuma ba ya zaɓen rana. Ka bar ƙaramin a gida mu gani.”

“Ni nake kiransa? Shi yake bi na. Ke dai Tsohuwa kin fi son kare da jikanki.”

“Karen ya fi ka jin kira,” in ji ta.

Talata ta zagayo, Tsohuwa ta ɗaure Jan Kunne da igiyar shanu. Zubair bai yi nisa ba kare ya tattaune igiyar ya bi sawun keke. Da suka dawo, Duna na jira a bakin garke. Tsohuwa na ihu kada kowa ya sa hannu, Zubair ya sa. Haƙorin Duna ya shige masa tsintsiyar hannu, sai da aka kai shi asibitin Funtua aka yi masa ɗinki da allura.

Daga nan magana ta ƙare. Alhaji ya dubi hannun ɗansa, ya ce a yi yadda Zubair ya ce. Tsohuwa ta roƙa a ba ta kwana goma kawai, ta ce akwai abin da karen yake ji a jikin ɗan'uwansa, kuma kowane irin wari ne zai wuce. Ba wanda ya saurare ta.

Da safe Zubair ya ɗauki gora ya kira Duna bayan gona. Duna ya bi shi yana kaɗa bindi.

Faɗa ya ƙare. Jan Kunne ya koma cin abincinsa, bayan mako guda ma ya daina bin keke. Zubair ya riƙa nuna tabon hannunsa a ƙofar masallaci yana cewa, “Kun gani? Da na bi ta tsofaffi da yanzu an binne wani.” Tsohuwa kuwa ta daina amsa gaisuwarsa.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki, da hantsi, Alhaji na zaune a ƙofar gida da liman da maƙwabta, Zubair na gefe, sai ga wata dattijuwa da kwando a ka. Ta gaishe su da fara'a, ta sauke, ta yaye tsumma. 'Yan kwikwiyo biyu ne a ciki, farare, kowanne da jan kunne.

Kafin azahar ta ranar liman ya karɓi makullin masallaci daga hannun Zubair, Alhaji ya ƙwace 'yar gonar da ya yanka wa ɗansa, ya ce ya nemi wani gidan ya kwana. Domin matar nan Sabuwa ce, mai dafa burkutu a hayin rafi, kuma a gaban kowa ta ce karyarta ce ta haihu, ta kawo wa Zubair rabon mai uba, tunda duk Talata da Asabar a gindin tukunyarta shi da karensa suke yini. Ashe warin karyar nan ne Duna yake ji a jikin Jan Kunne.