Ranar da Aka Ce Na Yi Kore

Ina 'yar shekara tara na raka Mama wani gida a unguwar Irving Park, za ta kai labulen da ta ɗinka musu. Ni ce tafintarta, don lokacin Turancinta bai yi ƙwari ba.

A falo, 'yar gidan tana kaɗa wani baƙin fiyano mai sheƙi. Na zuba masa ido har na manta inda nake. Matar gidan ta yi dariya ta ce, "Look at her, green with envy."

"Me ta ce?" in ji Mama.

Na sunkuyar da kai. "Wai na yi kore don hassada. Haka suke faɗa."

Mama ta ajiye labulen a kan kujera. "Gaya mata ba ki so 'yarta ta rasa shi ba. Sha'awa ya ba ki, kuma wannan ba laifi ba ne."

Na fassara wa matar. Sai Mama ta kama haɓata, ta mayar da fuskata wajen fiyanon.

"Kalla har ki ƙoshi."

Ban taɓa koyon kiɗan ba. Amma har yau, abin da ya burge ni ba na satar kallonsa, ko a gidan wa yake.