Kwalbar da Ta Ɓata a Lyon

Hamdiya ta zazzage jakarta karo na uku, ta duba kan tebur. Babu kwalbar.

Shekara biyu ta yi a labo, ɗakin binciken jami'a, tana farfasa man kanumfari da na na'a-na'a cikin ruwa, har ɗigonsa ya fi ƙarfin ganin ido. Maganin tsutsar tumatir ne, kuma ran Litinin za ta gwada shi gaban masu ba da tallafi.

Baƙo ɗaya ta yi jiya, Kawu Salim mai shago a Paris. Ta kira shi.

"Kawu, ina wuni? Ba ka ga wata 'yar farar kwalba ba?"

"Turaren nan? Ni na ɗauka, ɗiyata! Na fesa na tafi Juma'a, mutum bakwai suka tambaye ni inda na saya."

"Kawu, maganin ƙwarin gona ne fa!"

Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Shi ya sa ko ƙuda bai sauka kaina ba! Gobe zan kawo miki sauran. Amma ki haɗa mini kwalba hamsin. Liman ma ya ce a ajiye masa biyu."