Maginin da Ya Durƙusa wa Kogi

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Rajab, bayan sallar la'asar da kamar rabin sa'a, na zauna kusa da kakata Iya Tabawa tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ni da abokaina muna tsara wani wasa ne na waya, wanda a cikin duniyarsa akwai wani mugun abin bauta da ba shi da aiki sai rusa garuruwa. Ni aka ɗora wa rubuta labarin mabiyansa. Na rasa dalilin da zai sa mai hankali ya bauta wa abin da ke hallaka shi, saboda haka na yanke shawarar in mai da su mahaukata masu jajayen idanu. Da na faɗa mata, sai ta yi dariya ta ce, "Haba maigida, ashe malalacin miji na aura ban sani ba. Mahaukaci ai ba ya sammakon kai hadaya. Matso ka taya ni ɓara, in ba ka misali." Ga abin da ta faɗa, yadda na ji shi.

An yi wani gari a bakin kogi tun zamanin jahiliyya. Mutanensa sun yarda cewa akwai wani abu a ƙarƙashin ruwan, wanda duk damina yake tasowa ya cinye unguwa guda. Ba ya ba da kifi, ba ya warkar da ciwo, ba a taɓa jin ya yi wa kowa alheri ba. Duk da haka, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowane maigida yakan je wurin maginin tukwane ya zaɓi tulu tun yana ɗanye, ya danna babban yatsansa a wuyan tulun, a gasa, ya cika shi da gero ya ajiye a bakin gaɓa, wai don abin ya gane yatsan ya tsallake gidan. Maginin shi kaɗai ne ba ya ajiyewa. Yakan riƙe musu tulu su danna yatsa yana yi musu ba'a, yana cewa bai taɓa ganin kurar da ta bar akuya don an jefa mata ƙashi ba. Yana da 'ya guda ɗaya. Uwarta ta rasu tun tana goye, shi ya raine ta a gefen yumɓu, har ya aurar da ita a unguwar gangare. Wata shekara da hantsi, ruwa ya karya gaɓa ya nufi gangaren, daidai lokacin da take kan gwiwa. Mutane suka kwashi yara da awaki suka hau tudu, amma ungozoma ta ce haihuwa ta riga ta kankama, in aka ɗaga ta za a rasa biyu. Magini ya tsaya a ƙofar ɗaki, yana jin nishin 'yarsa a bayansa, yana ganin ruwa na cin danga a gabansa. Sai ya ruga gida ya ɗauko tulun da ya gina jiya, ko bushewa bai yi ba. Ya miƙa wa ungozoma ta danna yatsan 'yar, shi ma ya danna nasa kusa da nata, ya zuba gero, ya durƙusa cikin taɓo yana roƙon abin da ya yi shekara da shekaru yana zagi. Tulun ya narke a hannunsa, ruwa ya tafi da geron.

Ruwan ya tsaya a dokin ƙofa. Dalili kuwa, sama ta ɗauke can inda kogin ya taso tun da safe, amma babu wanda ya san haka a garin. Kafin rana ta take tsaka aka ji kukan jariri. Daga ranar magini bai sake yi wa kowa ba'a ba. Bai ƙaunaci abin ba ko na yini ɗaya. In ya ambace shi, sai ya juya ya tofar da yawu a ɓoye. Amma duk shekara tulunsa ne ke fara isa gaɓa, ɗauke da yatsu uku, har da ɗan ƙaramin na jikansa. Shekarar da ruwa ya tsallake su, sai ya ce an karɓa. Shekarar da ya cinye masa rumbu da wurin gashin tukwane, sai ya ce tulun ne ya yi kaɗan, ya gina wanda ya fi shi. Wani matafiyi ya taɓa tambayarsa ko ya tabbata akwai wani abu a cikin ruwan. Ya dubi jikan yana wasa da yumɓu a gabansa, ya ce bai tabbata ba, amma ba da wannan zai gwada ba. Haka ya tsufa, haka ya mutu yana kai tulu, bayansa jikan ya ɗauka.

Iya ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta ce, "Ɓata ne, Allah Ya tsare mu, kuma ɓatan ya ci geronsu fiye da yadda ruwan ya ci. Amma in za ka zana su, maigida, goge jajayen idanun nan ka aza musu jika a kafaɗa. Ai magabata sun gama magana: wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa, kamawa zai yi."