Tafi na Uku

Kadidiatou ta ƙudundune cikin duhu, tana jiyo busar masu kiɗan jaz. Babanta Hayatu, mai dabo a wani dandalin wasa a Paris, ya ce kada ta fito daga akwatin dabonsa sai ya tafa sau uku.

Biyu ta ji. Sai faɗuwa, sai ihu.

Aka buɗe ƙofa. Djamila ce, mai kula da ita a gidan tsofaffi na Lyon.

"Iya, yau ma cikin kabad? Abinci zai huce."

"Baba bai gama ba."

Tun 1927 zuciyarsa ta tsaya a dandalin nan. Djamila ta share hawaye, ta rufe ƙofar, ta tafa sau ɗaya.

Tsohuwar ta fito da murmushi.

"Ka daɗe, Baba."