Ba Su Da Rumbu Ne?

Wata la'asar ce cikin Agusta a gidanmu na Zuru. Dawar bara ta kusa ƙarewa, ta bana ko kai ba ta fitar ba. Baba, tsohon soja, yana gindin mangwaro da rediyonsa, sai mai labarai ya ce a Ingila akwai yaran da ke zuwa makaranta ba su karya ba.

Baba ya ja tsaki. "Ƙarya ce! Ƙasar Turawa guda? Ba su da rumbu ne?"

Mama ta sauko daga rumbunmu da ƙwarya, dawar ko gindinta ba ta rufe ba. Ta dire masa ita. "Kai mai rumbu, Baban yara, ga naka."

Ya kashe rediyon. Ranar kunu tsararo muka sha.

Yanzu a Ingilar nake. Aiki biyu nake yi, amma duk Alhamis sai na bi layi a bayan wani coci da 'yata, a miƙo mana waken gwangwani, takaici kamar ya kashe ni. Baba kan kira ya ce in turo na abinci. Na kasa faɗa masa: ba su da rumbu, Baba. Ni ma ba ni da shi.