Bargon da Ba Ya Warin Kafur

Zauna ka ji, tunda kai ma ka fara gyaran abin da ba a sa ka ba.

Wata mata ce ta gaji bargon ulu daga mahaifinta, wani ja mai kauri da ya taho da shi daga aikin Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa. Shi kaɗai ya rage mata na tsohon. Da ta ga asu, ƙwaron nan mai cin tufafi, ya fara taɓa gefensa, sai ta kai shi birni wurin masu sabon magani. Maganin wasu ƙwayoyi ne mitsi-mitsi, ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jinsu, sai dai su maƙale a jikin zare su hana tsutsar asu ci. Aka gaya mata yana jure wankin hankali, amma kada ya ga tafasasshen ruwa da sabulun soda. Da tafiya ta kama ta zuwa wankan jegon 'yarta, ta bar shi amana wurin yayanta, ta maimaita masa gargaɗin.

Shi kuwa yayan irin mutanen nan ne da abu ba ya yin daidai sai da hannunsu. Ya shinshina bargo, bai ji warin kafur ba. "An cuci yarinyar nan," in ji shi. "Maganin da ba ya wari ai ruwa ne." Ka ji fa! Matar da ta yi jika ita ce yarinya. Ga waya a aljihunsa, amma girman kai ya hana shi tambaya. Ya sa aka tafasa ruwa, aka dirje bargo da soda, ya sa shi a akwati, ya watsa kafur, ya rufe yana jiran godiya. Kafin damina ta yi nisa kafur ya bi iska, asu ya sami gida ba mai gadi. Ran da ta dawo ta ɗaga bargon, hasken rana ya ratso ta cikinsa kamar rariya. Ta tsaya tana shafa ɗan gefen da ya tsira. Abin da ya fi ƙona mini rai, wallahi, har a lokacin bakinsa bai mutu ba, wai da bai wanke ba da ɓarnar ta fi haka.

Ajiya aka ba shi, ba wanda ya roƙe shi gyara. Shi ya sa magabata suka ce: garin neman gira a rasa ido.