Taken Ƙungiyarmu

Na yarda, ba na jin harshen Romaniya. Ƙaramin aibi ne ga mutumin da ya shekara ashirin yana lacca a kan matasan ƙasar masu ra'ayin riƙau, waɗanda suka fara da taron karanta waƙa suka ƙare a kujerun ministoci.

Su na kwaikwaya na kafa ƙungiyar matasan marubuta a garin Vénissieux na ƙasar Faransa. Autanmu yanzu yana shan maganin hawan jini. Takenmu kuwa daga shafin farko na wani tsohon littafinsu da na saya a gwanjo na kwafo shi, layi biyu da jar tawada. Ni na fassara wa membobi: "A sauya, amma a hankali."

Yau malamar da muka gayyato daga Paris, 'yar Romaniya, ta tsaya ƙarƙashin ƙyallen da ke ɗauke da taken, ta daɗe tana kallo. Gobe zaɓen shugaba, mataimakina kuma ya daɗe yana hararar kujerata.

"Madame, ki fassara mana," in ji shi. "Malam ya ce zurfinsa ya fi ƙarfin Faransanci."

Ta juyo gare ni. "Monsieur, ina ka samo wannan?"

"Wurin magabata," na ce, ina gyara hula.

Ta goge tabarau, ta fassara wa mutum arba'in ɗin da suka taru:

"Mallakar ɗakin karatun jami'a. An hana fita da shi."